Sharhi kan gwajin gado ga masu ciwon dajin mahaifa

Bayan bin wannan gwaji tare da matan da ake turawa birni daga ƙauyukan Jigawa, hukuncina shi ne ya cancanci wahalarsa, sai dai sau da yawa tun a ɗakin tiyata ake ɓata shi.

Maganar dajin cikin mahaifa ake yi, wanda yakan fara da zubar jini bayan mace ta daina al'ada, ba na bakin mahaifa da ƙwayar HPV ke jawowa ba. Cikin mata ɗari masu wannan ciwo, kimanin uku gadonsa suka yi, abin da likitoci ke kira larurar Lynch. A Ingila tun 2020 aka ba da shawarar a gwada kowace mai wannan ciwo.

Da naman da aka cire ake farawa. Ana shafa masa sinadari a duba nau'o'in furotin huɗu: MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Idan duk sun bayyana, da wuya a ce gado ne. Idan MLH1 ya ɓace, akwai gwaji na biyu a kan naman, domin galibi a cikin ƙarin kaɗai ya mutu, ba daga iyaye ba. Gwajin jini ko yawu ne ke yanke hukunci a ƙarshe, kuma shi ne mai tsada.

A wurin naman ake tafka asara. Wani lokaci sai a miƙa wa dangi mahaifar a leda su je su binne, shi ke nan hujja ta tafi. Wani lokaci kuma a tura ta cikin ƙaramar roba da ruwan gishiri, ta kwana biyu a zafin bazara kafin a samu motar Kano. Abin da ake buƙata shi ne fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10, yawansa ya ninka naman sau goma, a tsaga mahaifar kafin a tsoma ta don ruwan ya ratsa ciki. In ba haka ba cikin ya ruɓe, sinadarin gwajin ya ƙi kamawa, a rasa sakamako ko a samu na ƙarya. Dangi su karɓi lambar samfurin su adana, da ita ake nemo naman da aka daskarar cikin kakin farafin ko bayan shekaru.

Inda na fi ganin gazawa shi ne bayani. Takarda ce kawai ake miƙa wa mai ciwon da Turanci, alhali idan an tabbatar tana da larurar Lynch, kowane ɗa da ta haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne ya gaji larurar. Maza ma tana kai su ga dajin babban hanji, shi ya sa wanda aka tabbatar yana da ita ake leƙa hanjinsa da na'ura duk shekara ɗaya zuwa biyu, wasu tun daga shekara 25. Wajen ɗaukar tarihi a tambayi dangin uwa da na uba, a ware 'yan ɗaki ɗaya da 'yan uba, a tambayi wanda ya rasu da "basir mai jini" da ƙuruciyarsa, don mai yiwuwa dajin hanji ne. A kuma yi zancen a keɓe, don tsoron kada 'yan matan gidan su rasa manema yana sa a ɓoye sakamakon a ƙasan akwati.