Wutar Fili da Wutar Ɓoye: Fahrenheit 451 da 1984

Malam, ka tambaya ko littafin Ray Bradbury mai suna Fahrenheit 451 da na George Orwell mai suna 1984 ba saƙo ɗaya suke ɗauke da shi ba, tunda a dukkansu hukuma tana cinna wa rubutu wuta. Kama da wane dai ba ta wane, kuma bambancinsu ya fi bayyana a yadda kowannensu ya sarrafa ita kanta wutar.

A littafin Orwell, wanda ya fito a 1949, aikin jarumin labarin, Winston Smith, a Ma'aikatar Gaskiya shi ne sauya abin da tsofaffin jaridu suka rubuta domin ya dace da maganar jam'iyya ta yau, sannan ya jefa takardun da aka soke cikin wani rami a jikin bango, iska ta ja su zuwa tanderun da babu mai ganinsa. Wutar ɓoye ce, domin bukatar masu mulki ita ce kada a san an taɓa ƙona wani abu. A na Bradbury kuwa, wanda aka buga a 1953 lokacin da farautar 'yan gurguzu ta yi tsanani a Amurka, 'yan kwana-kwana ne suke zuwa ƙona littattafai da dare da jiniya, mesarsu tana feshin kananzir maimakon ruwa, maƙwabta kuma su fito kallo kamar ana biki. Lambar 451 da ke kan hular Guy Montag, ɗan kwana-kwanan da shi ne jarumin labarin, ita ce zafin, a ma'aunin Fahrenheit, da marubucin ya ce takarda tana kamawa da wuta, wato kimanin digiri 233 a ma'aunin da muka saba da shi.

Inda na fi son ka tsaya shi ne tambayar wa ya fara. A wurin Orwell daga sama abin ya sauko, har harshen mutane ake yi wa aski ana rage kalmominsa kowace shekara, don a wayi gari babu kalmar da za a yi tunanin tawaye da ita. Amma Kyaftin Beatty, shugaban Montag, ya gaya masa ƙarara cewa ba doka ce ta soma raba jama'a da littafi ba. Su da kansu suka gaji da dogon karatu, aka yi ta taƙaita littattafai, kowane rukuni kuma ya nemi a kawar da shafin da ya ɓata masa rai, hukuma ta zo daga baya ta ƙarasa. Shaidar hakan tana cikin gidan Montag, inda matarsa Mildred take wuni gaban bango uku na talabijin tana kiran mutanen ciki danginta, kuma ita ce daga ƙarshe ta kai ƙarar mijinta. A ganina wannan zargi ya fi na Orwell ɗaci, domin mai karatu ba shi da azzalumin da zai ɗora wa laifin duka.

Alamomin Orwell ba sa juyawa. Ɗan dunƙulen gilashin da Winston ya saya, mai murjani a ciki, yana wakiltar zamanin da ya shuɗe, kuma ranar da aka kama shi aka farfasa shi. Wutar Bradbury kuwa tana sauya ma'ana sau da dama: da farko abin jin daɗin Montag ce, sai ta zama shaida a hannun tsohuwar da ta ƙyasta ashana da kanta ta ƙone tare da littattafanta, sai makamin da ya kashe Beatty da shi, sannan a bayan gari ya iske mutane sun kewaye wata wuta suna jin ɗumi, ya yi mamakin cewa wuta tana iya bayarwa ba cinyewa kaɗai ba.

Mutanen nan kowannensu ya haddace littafi ko wani sashensa, abin da ba zai zama baƙo ba ga wanda ya tashi cikin mahaddata. Winston ya ƙare yana ƙaunar shugaban da ya karya shi. Montag kuwa, bayan bama-bamai sun rushe birnin, ya juya tare da su zuwa kufan yana bitar abin da ya riƙe daga Littafin Mai-Wa'azi na cikin Baibul.