Promote ko tout, wanne ya kamata in rubuta?

Masu sana'a a intanet sun yi ta tambayata a kan waɗannan kalmomin Turanci biyu wajen rubuta talla, to ga yadda nake gani. Promote dai ba ta da rigima, tallata kaya ce kawai kowa ya gane, sai dai tana kuma nufin ƙarin girma a wurin aiki. Tout kuwa zuzuta abu ce, jaridun Amurka suna yawan amfani da ita, kuma sau da yawa da alamar shakku a ciki, kamar an ƙara gishiri. Haɗarinta babba ne a Najeriya, don da ka ce tout tunanin mutane 'yan kamashon tasha zai tafi, kastoma ya ɗauka zagi ne wallahi.

Mai tallan atamfa ko turare ya riƙe promote. Ɗan jarida mai nazarin alkawuran 'yan siyasa kuwa tout ta fi yi masa aiki.