RTX 3060 na hannu ko sabon RTX 4060: wanne zai zauna lafiya a cikin HP ɗinka?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutarka HP Pavilion Gaming ce da ka saya a haɗe daga kamfani: furosesa i5-10400F, ram 8GB, katin girafik GTX 1650, kuma takardar da ke jikin fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ta nuna wat 400. An yi maka tayin kati biyu a kusan kuɗi ɗaya, RTX 3060 mai 12GB na hannu da RTX 4060 mai 8GB sabo a kwali, kana neman wanda za ka ɗauka. Ni dai 4060 zan ce maka, kuma fawa saflai ɗin nan naka ne ya yanke hukuncin.

Da kwamfutar haɗin hannu ce, wadda ka tsinto kayanta ɗaya bayan ɗaya, da maganar ba ta wuce ƙarfin kati da nauyin aljihu ba. Ta kamfani daban take. HP da Dell sun saba ƙera fawa saflai da madabod masu filogi irin nasu na kansu, ba mai fin 24 ɗin da kowa ya sani ba. Ke nan ba za ka shiga shago ka sayo mai wat 650 ka ɗaura kawai ba, bakin wayar ma ba zai shiga ba. Sai dai ka nemo na HP ɗin mai ƙarin ƙarfi, shi kuwa samunsa sai an sha yawo. Don haka ka ɗauka wat 400 ɗin nan shi ne iyakar gonarka.

To ga lissafin. RTX 3060 yana cin wat 170, RTX 4060 kuma 115. Furosesanka wat 65 ne a rubuce, yana ɗan haurawa idan aiki ya yi nauyi. Ka ware kamar 50 na ram, diski da fankoki. Da 3060 kana dab da 300, da 4060 kuwa ba ka kai 250 ba. Dukansu za su kunna, amma na farkon zai riƙa matsa wa fawa saflai da ya riga ya kwana biyu yana aiki, na biyun kuma ya bar masa wurin numfashi. Za ka ga Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro su, ta rubuta cewa fawa saflai mai wat 550 ake so wa katunan biyu. Sun yi wannan ne da tunanin mai furosesa mai cin wuta fiye da naka.

Wannan bambancin na wat 55 ba a fawa saflai kaɗai yake tsayawa ba. Duk wutar da kati ya ci, zafi take komawa, kuma akwatin Pavilion ƙarami ne, iska ba ta wadace shi ba. A watan Afrilu, a ɗakin da babu na'urar sanyaya wuri, za ka ji bambancin a ƙarar fanka. Idan kuma da inbata da batir kake wasa, wat 55 na awa huɗu ba abin rainawa ba ne.

Kafin ka biya ko sisi, kwance murfin gefe ka leƙa. Yawancin GTX 1650 ba sa buƙatar wayar wuta, wat 75 ɗin da ramin PCIe, inda ake soka katin a madabod, ke bayarwa ya ishe su, don haka wataƙila ba ka taɓa lura ba. Nemi wata waya da ta fito daga fawa saflai, an naɗe ta an ɗaure a gefe, bakinta mai fin 6 da wasu 2 da ke rataye kusa da shi. Idan ka haɗa su sun zama fin 8, mai ɗaukar wat 150, kuma shi katunan biyu ke nema. Idan babu ita, mai shago zai ce maka akwai adafta da ake jonawa a filogin SATA, wanda ke ba diski wuta. Kada ka yarda. Filogin SATA wat 54 kawai aka yi shi ya ɗauka a layin bolt 12, kuma irin wannan dabarar ce ke narkar da roba. In haka ta kasance, ka manta da su biyun ka nemi RTX 3050 mai 6GB, wanda wat 70 yake ci ba tare da waya ba.

Sai dai 3060 ba kanwar lasa ba ne, akwai inda ya kayar da ƙanensa. Ƙwaƙwalwarsa 12GB ce a kan hanya mai faɗin bit 192, alhali 4060 na da 8GB a kan bit 128. Wasanni irin su Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I, da suka fito a kwamfuta a 2023, sun nuna yadda 8GB ke cika idan aka ƙure kyan hoto, wasan ya fara tsinkewa. Ga kuma wani abu da ya shafe ka kai tsaye: i5-10400F a PCIe 3.0 ya tsaya, 4060 kuma layi 8 kawai yake amfani da su, 3060 na da 16 cif. A wasan yau da kullum asarar kaɗan ce, ba za ka gane ba, amma ranar da 8GB ta cika a nan take bayyana. Mai aikin Blender, manhajar zanen 3D, ko mai gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarsa, 12GB ɗin ta fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Kai kuwa allonka 1080p ne, wasanninka FC, GTA V da Warzone. A nan 4060 ya fi sauri da kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, yana da DLSS 3 mai ƙirƙiro ƙarin hotuna a tsakani, wanda katunan jerin 30 irin su 3060 ba su samu ba, yana kuma iya naɗar bidiyo da tsarin matse bidiyo na AV1 idan kana ɗora wasanka a YouTube.

Batun na hannu ma abin dubawa ne. An fitar da 3060 a Fabrairun 2021 a kan dala 329, daidai lokacin da masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum ke wawashe katuna, kuma da aka rufe wannan haƙar a Satumban 2022 aka juye su kasuwa. Ba duka ne suka gaji ba, amma ba ka san tarihin naka ba. Akwai kuma 3060 mai 8GB da aka fitar daga baya, suna ɗaya amma ya fi rauni. Idan zuciyarka ta nace a kansa, a jona shi a gabanka, a buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka ga 12GB da bit 192 da idonka, a bar wasa yana gudu na rabin awa kana kallon zafinsa da juyin fankokin. Shi 4060 a tsakiyar 2023 ya fito a kan dala 299, kuma sabo yana zuwa da garanti.

Ko wanne ka ɗauka, auna da tef daga bayan akwati zuwa abin da ya fara tare hanya a gaba, ka nemi mai fanka biyu ko ɗaya, masu uku da wuya su shiga. Ram ɗin nan ma, idan sanda ɗaya ce mai 8GB, ƙara ta biyu irinta su zama 16, in ba haka ba sabon katin zai riƙa jiran ta.

Kuma kada ka sayar da GTX 1650 ɗin tukuna. Harafin F da ke ƙarshen sunan furosesanka yana nufin ba shi da girafik na ciki, idan sabon katin ya ƙi nuna hoto ba ka da wata hanyar ganin allo sai tsohon. Ka ajiye shi sai sabon ya yi mako biyu yana aiki lafiya.