Gargaɗi ga masu sayen PlayStation ta WhatsApp: an cinye mana jika 485 na fadarmu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan magana saboda kunya, amma daren jiya na ga mutumin da ya damfare mu ya sake saka tallarsa a wani zauren WhatsApp na masu wasan bidiyo, da sabuwar lamba, da hotunan nan dai da ya yaudare ni da su, sai na gane cewa shirun da nake yi shi yake amfana. Ni ne ma'ajin fadarmu a unguwar Sabon Gari a nan Tahoua, kuma da hannuna na tura wa wani mutum da ke cewa yana kasuwanci a Yamai jika 485, wato sefa 485,000, kuɗin da ba nawa ba, kuɗin amanar mutane, domin ya aiko mana da na'urar wasan bidiyo PlayStation 5 (PS5) guda biyu. Har yau ba mu ga ko guda ba.

Ina so a fara sanin inda kuɗin nan suka fito, domin masu cewa abin wasa ne kawai ba su san irin gumin da ke ciki ba. Mu 23 ne a fada, wato ƙungiyarmu ta matasan unguwa, kuma mako 14 cur kowa yana zuba jika guda duk ranar Lahadi bayan an tashi daga kasuwa, abin da ya kama jika 322. A cikinmu akwai ƴan kabu-kabu, akwai tela, akwai ɗaliban jami'a da sai sun hana cikinsu kafin su kawo nasu kason. Yayana da ke ci-rani a Abijan ya aiko da jika 100, kawuna ya ba da jika 50, sannan tsohuwar PlayStation 4 (PS4) ɗinmu, wadda yaran unguwa ke biyan dala ashirin su buga wasa guda a kanta, ta tara mana jika 28. Duka jika 500 ke nan. Burinmu shi ne mu mayar da shagon da ke jikin gidanmu ɗakin wasa na gaske, mu shirya gasar wasan ƙwallon bidiyo na FC 25 a lokacin hutun makaranta, yara su sami wurin zama a gaban idon manya maimakon yawon dare, abin da aka samu kuma a saya wa marayun unguwa littattafai. Daga cikin jika 500 ɗin nan, jika 15 ne suka rage a hannuna.

Ba haka kawai na ɗauki kuɗin jama'a na miƙa wa baƙo ba, kuma wannan ne nake so a fahimta. Sai da na gwada shi har sau biyu. Kowa ya san Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu, shi ya sa yawancinmu muke buɗe namu a matsayin mazauna Faransa, muna sayen katin yuro na saka kuɗi a asusun a wajen masu kawowa. Na sayi katin yuro 20 a hannunsa da kuɗin aljihuna, ya turo lambobin cikin minti biyar, na saka, kuɗin suka shiga. Bayan mako biyu na sayi manetin PS4, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasan, a jika 18, ya saka a motar safe, na karɓa a tasha da yamma, kuma maneti ne na asali wanda har yanzu muke amfani da shi. Wane ne zai yi ciniki biyu lafiya da mutum sannan ya ce ɓarawo ne? Yanzu ne na gane cewa jika 18 ɗin nan da katin nan tsaba ce ya watsa mini.

A ƙarshen Nuwamba, lokacin rangwamen da ake kira Black Friday, ya rubuto mini cewa wani ɗan uwansa a Faransa ya haɗo masa kaya, kuma zai ba mu PS5 sabon samfuri mai cin faifai, kowace da maneti biyu, a jika 225. Guda biyu jika 450. Na yi lissafi, ban rufe ido ba. Na san tun Agustan 2022 kamfanin Sony mai ƙera ta ya ɗaga farashin mai cin faifai a Turai daga yuro 499.99 zuwa 549.99, kuma tunda yuro guda sefa 655.957 ne, kuɗinta ya haura jika 360 tun kafin a yi maganar jirgi da duwan. Jika 225 kuwa bai wuce yuro 343 ba. Na gaya masa haka ƙarara, na ce lissafin bai fita ba. Amsar da ya ba ni ita ce kayan da masu saye suka mayar wa shaguna ne saboda kwalin ya ɗan lotse, ana sayar da su a dunƙule da araha, ga kuma rangwamen ƙarshen shekara a kai. Irin wannan kasuwa akwai ta a Turai, ba ƙirƙirarta ya yi ba, shi ya sa maganar ta zauna mini.

Amma abin da ya karya ni shi ne kiran bidiyon da muka yi. Daren Talata ne, ina zaune a kan benci a ƙofar fada, shayi na kan wuta, mutum huɗu suna leƙen wayar ta bayana. Ya nuna mana kwalaye shida a jere a jikin bango. Na ce ya buɗe guda, ya buɗe. Na ce ya juya ta in ga gabanta, ya juya, ya nuna mini ramukan jona waya na USB-C guda biyu da ke gaba, ya ce ta nan ake bambanta sabon samfurin da ya fito a ƙarshen 2023 da na farko na 2020, kuma ma'ajiyar bayanan wannan tana ɗaukar terabait guda alhali ta farko gigabait 825 ce. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Na ce ya ɗauki takarda ya rubuta sunan fadarmu ya ɗora a kan kwalin, ya rubuta, ya ɗora. Ana cikin haka sai aka kira sallar isha'i a wani masallaci kusa da shi, muna jin ladanin, sai ya ce: “Yaya, ka yi mini haƙuri in je in ba da farali, kuɗi ba sa gudu. Ko ka saya ko kada ka saya, zumunci ya fi ciniki.” Ya kashe wayar. Na juya na dubi abokaina na ce musu mutumin da ya bar cinikin jika 450 ya tafi salla ba zai ci amana ba. Ni na faɗi wannan magana da bakina, kuma mutum huɗu sun ji.

Washegari na tura jika 150 a matsayin kafin alƙalami. Ranar Juma'a na tura jika 300. A'a, kafin jika 300 ɗin akwai zuwan abokina, domin ban yarda na cika kuɗin ba sai da wani ya gan shi ido da ido. Ina da aboki da ke aiki a Yamai, na roƙe shi ya je, suka yi alƙawari a wani layin masu sayar da wayoyi da kayan lantarki kusa da Babbar Kasuwa. Ya same shi tsaye a ƙofar wani shago yana gaisawa da yaran shagon kamar na gida, ya shiga ya fito da kwalin PS5 ya nuna masa, har ya saya masa lemo. Abokina ya kira ni ya ce mutumin yana nan kuma kayan suna nan. Ranar Alhamis ke nan, ko kuma Juma'ar da safe, takardun tura kuɗin za su nuna. Abin da dai na tabbatar shi ne bayan wannan kiran ne na tura jika 300. Daga baya, da abokina ya koma, mai shagon ya rantse cewa bai san shi ba sai a matsayin mai zuwa tambayar farashi, kuma ranar ma cewa ya yi zai nuna wa wani mai saye kwalin a ƙofa ya dawo da shi. Mai shagon ba shi da laifi, shi ma amfani aka yi da shi.

Sunan da na tura wa jika 150 daban ne da sunan da na tura wa jika 300. Ya ce na farko ƙaninsa ne, na biyu kuma yaron shagonsa, wai katin shaidarsa ya ƙare aiki. Wannan ne wurin da ya kamata in tsaya, kuma ban tsaya ba, saboda kiran bidiyon nan yana cikin kaina.

Daga nan sai jinkiri ya fara. Ya ce namu biyun suna cikin kashi na biyu na kayan, waɗanda na gani a bidiyo an riga an biya su. Da na tuna masa takardar da ya rubuta sunan fadarmu, sai ya ce kuskuren yaronsa ne. Ya ce tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kaya ta Lome suke biyowa su ratsa Burkina Faso, kuma motoci sai sun jira rakiyar sojoji, abin da duk ɗan Nijar ya san gaskiya ne domin mun gani a farashin shinkafa. Bayan kwana tara ya kira da muryar tashin hankali, wai kaya sun iso amma duwan sun riƙe, ana neman jika 35 a kan namu kafin ƙarfe huɗu. Na tura. Jika 150, jika 300, jika 35. Jika 485.

Ranar Asabar ya turo hoton kwali guda da takardar tasha, ya ce ɗayar za ta biyo motar Litinin. Daga Yamai zuwa Tahoua tafiyar wajen kilomita 550 ce, ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Konni, kuma tun la'asar nake tasha ina jira. Na ɗauko kwalin a bayan babur na kawo fada bayan magariba, yara sun fi ashirin sun kewaye tabarma, an riga an jawo waya an kunna talabijin. Kwalin PS5 ne na gaske, fari da shuɗi, an naɗe shi da salatif. Da na yanke na buɗe, abin da na fara gani tsofaffin jaridu ne, a ƙarƙashinsu tsohuwar PS4 mai kauri irin ta 2013, duk ta karce, an cire ma'ajiyar bayananta, a gefe kuma rabin bulo na siminti a cikin baƙar leda domin nauyi ya cika. Babu maneti ko guda. Wani yaro ɗan shekara goma ya dube ni ya ce: “Yaya, ita ce sabuwar?” Ban iya ba shi amsa ba. Duk da haka mun jona ta, ta yi ƙara sau guda, shuɗiyar fitila ta yi ƙyaftawa ta mutu. Na kira lambarsa a gaban kowa, a kashe. Na duba WhatsApp, hotonsa ya ɓace, ya toshe ni.

Kawuna, wanda ya ba da jika 50, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: “Ɗana, kwaɗayi mabuɗin wahala.” Na sunkuyar da kai domin ba a musu da babba, amma a nan zan faɗi abin da ke raina. Ba kwaɗayi ya kai ni ba. Da kuɗin da muka tara, na'ura guda kawai za mu iya saya a farashin kasuwa, ni kuma ina so yara su sami biyu domin gasa ta yiwu. Ko dala ban nema wa kaina ba a cikin cinikin nan. Na gwada shi da kati, na gwada shi da maneti, na yi lissafin yuro, na sa ya buɗe kwali, na aika mutum ya gan shi. A gaya mini abin da mai hankali zai yi wanda ban yi ba, in ban da maganar sunayen nan biyu, wadda na amsa laifina a kanta. Yayana na Abijan kuwa har yau ban iya gaya masa da bakina ba, a wajen mahaifiyarmu ya ji.

Abin da ke hana ni barci shi ne kiran sallar nan. Nakan mayar da shi a raina in ji muryar ladanin, in ji yadda ya ce kuɗi ba sa gudu, in tambayi kaina ko da gangan ya zaɓi lokacin kiran domin isha'i ta same mu a ciki. Na yi imani da gangan ne, domin wani matashi daga Maraɗi da ya neme ni bayan na yi magana a zauren WhatsApp ɗin ya ce shi ma daf da magariba aka kira shi, aka bar shi da zancen zuwa masallaci, kuma jika 225 ya rasa. Mutum ya mayar da salla tarkon cin dukiyar mutane. Wannan ya fi jika 485 ɗin ƙona mini rai, Allah kuma ya isa tsakaninmu da shi.

Na kai ƙara kwamisariya ranar Litinin, na ba da lambobinsa uku da sunaye biyun da suka karɓi kuɗin da takardun turawa. Ƙasar nan tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, kuma zan bi maganar nan har inda ƙarfina ya ƙare. An shawarce ni kada in bayyana lambobin da sunayen a fili tukuna, domin mai yiwuwa katunan wasu bayin Allah ya yi amfani da su. Amma hotunan hirarmu gaba ɗaya, da saƙonnin muryarsa guda 31, da takardun jika 150 da jika 300 da jika 35, da hoton bulon a cikin kwali, duk suna hannuna, kuma zan saka su da zarar an ba ni izini, bayan na rufe sunayen. Duk wanda aka yi wa irin wannan ya neme ni ta akwatin sirri mu haɗa ƙara.

Kada ku tura kuɗi kafin kaya. Wanda kuka aika ya jona na'urar a talabijin, ya shiga intanet da ita, ya biya a wurin, ya fito da ita a hannunsa. Idan sunan mai karɓar kuɗi ya sauya, ku tsaya.

Ranar Lahadi mai zuwa fada za ta zauna a kan maganar. Na riga na gaya musu cewa zan riƙa biyan jika 20 duk wata daga albashina har jika 485 su cika, wasu sun ce a raba asarar, ni kuma ban yarda ba. Littafin asusun da jika 15 da suka rage zan miƙa su a wannan zaman.