Silvertone 1448: jitar talaka da ta zo da amfilifaya a cikin akwatinta

A shekarar 1962 ne kamfanin Sears na Amurka ya fara sayar da wannan jita ta lantarki haɗe da amfilifayarta, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a kan kuɗin da bai kai dala 70 ba, amma wanda ya ƙera ta shi ne kamfanin Danelectro na jihar New Jersey, wanda Nathan Daniel ya kafa a 1947. Wadda ta shigo hannuna baƙa ce mai ɗigon ƙyalƙyali, kuma rashin nauyinta ne ya fara ba ni mamaki.

Dalili kuwa shi ne cikinta fanko ne. An haɗa firam da katako mai araha, aka rufe gaba da baya da Masonite, wato allon nan na garin katako da aka matse, irin wanda kafintoci ke bugawa a bayan kabad, sannan aka naɗe gefen da leda mai kauri don ɓoye mahaɗa. Idan ka ƙwanƙwasa ta da yatsa, sai ka ji kamar ƙofar ɗakin haya.

Duk da haka, muryarta ta fi ƙarfin kuɗinta. Na'urar ɗaukar sautinta guda ɗaya ce tak, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya aka cusa a cikin kwanson jan-baki na mata, kuma ita ce ke ba da wannan sauti mai kaifi da tsabta, wanda ba ya nutsewa ko da ganguna sun kaure. Fankon cikin kuma yana ƙara masa ɗan amo mai daɗi.

Inda arahar ta nuna kanta shi ne wurin da tsirkiyoyi ke hawa, domin ɗan guntun katako ɗaya ne ke ɗauke da dukkan shidan, saboda haka ba a iya daidaita kowace tsirkiya ita kaɗai, kuma mai kunnen basira zai ji ɗan saɓani idan ya gangara ƙasan wuyan. Wuyan gajere ne mai matakai 18, wato siraran ƙarafan da ake danne tsirkiya a kansu, an dasa masa ƙarfe a ciki wanda ba a iya ɗaurewa ko sassautawa, sai dai wuyan wadda ke hannuna har yau bai lanƙwashe ba.

Amfilifayar da ke cikin murfin akwatin ba ta wuce ta atisaye a ɗaki ba, kuma da wutar Amurka take aiki, don haka kada a kuskura a jona ta a soket ɗinmu ba tare da taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba.