Bitar kamfanin fansho ko zaman wata-wata na gama-kai: wanne ya fi?

Malama, kin ce ma'aikatarku ta ware kuɗi don koya muku sarrafa albashi, an ce ku zaɓi ɗaya: ko bitar kwana biyu da kamfanin fanshonku zai kawo, ko zaman awa ɗaya duk wata da ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata za ta riƙa shiryawa. Kin kuma ce saura miki kusan shekara ashirin a aiki. Na halarci duka biyun a wurin aikinmu, ga abin da na gani.

Mutanen fansho sun san doka, a nan babu mai kama ƙafarsu. Su za su bayyana miki cewa dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari na albashinki, mai aiki, wato wanda ya ɗauke ki aiki, ya ƙara aƙalla kashi 10, duk su shiga asusun fanshonki. Za ki ji cewa wajibi ne mai aiki ya yi miki inshorar rai da ta kai ninki uku na albashinki na shekara, kuma wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba zai iya neman kashi 25 na ajiyarsa. A bakinsu na fara jin labarin asusu na shida, wato tsarin juya kuɗin fansho marar kuɗin ruwa, wanda hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe a 2021. Da yawa daga cikinmu sai ranar hankalinsu ya kwanta da maganar fansho.

Sai dai duk zancensu ritaya yake fuskanta. Kuma kada ki sa ran za su yi ɗokin tuna miki cewa tun 2020 kina da damar sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara. A kwana biyu a ɗura miki bayani, a ba ki jaka da biro, bayan sati biyu rabin abin ya bi iska.

Zaman gama-kai kuwa da takardar albashi ake shigarsa. Ba na manta ranar da wani direbanmu ya ce ya ci bashin naira 200,000 a wajen masu ba da rance, wai ruwan kaɗan ne, kashi 5 kacal. Ma'ajinmu ya tambaye shi: a wata ko a shekara? Ya ce a wata. Ma'aji ya ɗauki biro ya buga masa a bayan ambulan: dubu goma duk wata, dubu 120 a shekara, ban da uwar kuɗi. Bawan Allah ya daɗe yana kallon ambulan ɗin bai ce komai ba. Irin wannan zama ne ake maganar kuɗin makaranta tun kafin Satumba ta zo, da ragon layya, da sayen buhun masara da kaka kafin ya yi tsada. Kuma wata mai zuwa za a tambaye ki inda kika kwana.

Shi ma yana da nasa rauni. Mai koyarwar abokin aikinki ne, yana iya kuskure a maganar doka, kuma ba kowa ke son buɗe cikinsa a gaban wanda suke ofis ɗaya ba. Ƙungiyar ma tana ba da rance, don haka a sa ido kada darasi ya koma talla.

Da ni ce ke, na wata-wata zan zaɓa, domin abin da ke cin albashi yau ya fi gaggawa, kuma hali ba ya sauyuwa a kwana biyu. Sannan ku roƙi shugabanninku a ware zama ɗaya a shekara a gayyato mutanen fansho. Ranar ki je da bayanin asusunki da takardun albashinki, ki jera su wata bayan wata. Doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, duk watan da kika ga giɓi ki ɗaga hannu ki tambaya a gaban kowa.