Hattara da kan sarkin rabin kuɗi da ake tallatawa a Facebook

'Yan'uwa mazauna Amurka masu aika wasiƙu da kaya ta gidan waya, da ku masu sha'awar tara kan sarki, a yi hattara. Talla na ta yawo a Facebook da wasu shafukan saye da sayarwa: wai kan sarkin Forever (wanda amfaninsa ba ya ƙarewa ko da farashi ya tashi) mai hoton tutar Amurka, naɗi guda mai ɗauke da 100, a rabin kuɗinsa, wani lokaci ma ƙasa da haka. Jabu ne.

A watan Yulin 2025 farashin guda ɗaya ya kai senti 78, wato naɗin 100 dala 78 ke nan. Hukumar gidan waya ta USPS ba ta karya farashi haka. To wa zai saya da tsada ya sayar maka da asara? In ka tambaya sai a ce ragowar kaya ce, ko shago ne ya rufe. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya ba masu buga jabun ƙofa shi ne irin kan sarkin kansa. Na zamanin da, sai an lasa ko an jiƙa ƙaron bayansa, gefensa kuma hudoji ne a jere. Na yanzu mai manne kansa ne: ɓare shi ake yi daga takardar da ke bayansa, gefen kuma wuƙar inji ce ta yanka shi a karkace don ya yi kama da hudoji. Saliyo ce ta fara fitar da irinsa a 1964, saboda laimar ƙasar kan sa na da ya manne da juna, Amurka kuwa ta gwada a 1974. Matsalar ita ce, duk masana'antar da ke buga sitika tana da takardar da injin yankan.

Masu tara kan sarki kan duba abu biyu. Su kawo gilashin ƙara girma su nemi ƙananan haruffan USPS da ake ɓoyewa cikin zanen. A jabu sukan fito a dagule. Sai su haska fitilar UV, mai wani irin haske da ido ba ya gani: na gaskiya akwai sinadari a fuskarsa mai walƙiya kore-kore, wanda injin tantance wasiƙu ke gani. Amma kada a dogara da wannan kaɗai, don maƙera jabun sun fara kwaikwayonsa.

Tun watan Mayun 2023, duk abin da aka kama da kan sarki na jabu, USPS na iya ɗaukarsa a matsayin yasasshe, ta buɗe shi ko ta zubar. Ka yi tunanin asarar in takardun shige da fice ne a ciki, ko cekin kuɗin haya.

A saya a gidan waya ko a shafin USPS. Wanda ya riga ya saya kada ya manna ko ɗaya, ya ajiye rasit da hoton tallar, ya kai ƙara wurin sufetocin gidan waya.